Katantanwa Biyu a Tsibirin Rabin Yini

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa tudu ya haƙa kwari, ya zuba ruwan daɗi a rijiya ya zuba na gishiri a teku, ya sa iyaka tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Jatau, mahaƙin rijiya, mutumin Dutsin Marke, garin da sai an yi tafiyar kwana arba'in daga cikinsa kafin a ji warin teku. Na shiga rijiya ɗari da wani abu, na fito daga kowace da ƙafata. Amma ban san tsoron ruwa ba sai ranar da na gan shi a sarari, rana tsaka, yana hawa jikin yayata. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Yayata Tasalla ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta girme ni da shekara goma sha uku, kuma har na yi furfura ba ta daina yi mini kallon yaron da ya ɓata wando ba. Sanyin ƙashi ya kama gwiwoyinta, shekara huɗu ba ta tafiya sai da sanda. Kunnenta na hagu kuma ya toshe tun wani zazzaɓi da ta yi. Bakinta dai lafiyarsa ƙalau.

Wani farke ne ya ba mu labarin Tsibiran Sambala, can ƙarshen ƙasa ta kudu, inda ba a san lokacin sanyi ba. Ya ce mutane daga kowace nahiya suna zuwa can don hutu da buɗe ido, kuma a cikin tsibiran akwai ɗaya mai baƙin yashi mai ɗumi, wanda in mai ciwon gaɓa ya binne ƙafarsa a ciki yakan tashi ya manta sandarsa. Na dubi Yaya, ta dube ni. Da kaka ta yi muka ɗaura kaya a kan jakuna biyu.

Ranar tafiya 'yata Yalwa, mai shekara bakwai, ta riƙe mini riga. Ita ce gwanar murza katantanwa a unguwarmu, har maza tsoronta suke. Ta ce, "Baba, ni ban son alewa. Katantanwar teku nake so, mai tsinin gindi, wadda ba mai irinta a garin nan."

Na ce, "An gama, uwata."

Sai in gaya muku halinmu. Mu mutanen Dutsin Marke, ko ƙauyen bayan gari mutum ya je, bai isa ya shigo gida hannu rabbana ba. Dole ya kawo tsaraba, ko da ɗan goriba ne. Ni kuwa nawa ya wuce na kowa. Ina da wata jakar fatar akuya, duk inda na ga abin da idona bai saba da shi ba, sai hannuna ya riga hankalina.

Muka ratsa dajin Kurmin Duhu, inda itatuwa ke haɗe kai a sama har rana ba ta taɓa ƙasa. Muka haye wani kogi a kan gada ta saiwoyin itace masu rai, jakunan suna tirjewa, Yaya tana zaginsu su da mai su. A rana ta arba'in da ɗaya muka hau wani tudu, sai ga teku. Na tsaya baki buɗe. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in tambaya wa ya haƙa wannan, kuma ina ya zuba ƙasar. Yaya ta ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga.

Garin da ke gaɓar sunansa Bakin Gishiri. Mutanensa sun saba da baƙi har ba harshen da ba su tsinci kaɗan daga cikinsa ba. Tun daga ƙofar gari masu jirage suka yanyame mu, kowa yana tallar tsibirinsa. Wannan ya ce Tsibirin Madubi, wancan ya ce Kasuwar Kan Ruwa. Muka ajiye jakuna a masauki, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin an ce mana tsibirin yashin ba ya karɓar baƙi sai wata ya cika, saura kwana uku.

A Tsibirin Madubi na ga ruwan da in ka leƙa sai ka ƙirga duwatsun ƙasansa, da kifaye ja da shuɗi da rawaya suna cin tsaki a tafin hannun mutum. Na tsinci farin dutse da ja na jefa a jaka. A Kasuwar Kan Ruwa mata suna soya kifi a cikin kwalekwale, wuta tana ci a bisa ruwa ba ta ƙone jirgin ba. Na samo reshen murjani, dutsen nan mai kaifi da ke tsirowa a ƙasan teku, da ƙwaryar baƙin gishiri. Katantanwa kuwa na duba har na gaji. Duk wadda na ɗauka an huda ta don sarƙa, ko gindinta a dakushe yake, ba za ta yi juyi uku ba.

A Tsibirin Birai aka fara ja mini kunne. Can birai ke hawa su tsinko wa baƙi kwakwa, kuma ka'idar wurin ita ce duk wadda ta faɗo da kanta tasu ce. Ni ban tsaya jin ka'ida ba. Na ga wata ƙatuwa a gindin itace, na sunkuya na ɗauka. Kafin in miƙe, birai sun fi talatin sun kewaye mu, ba mai motsi, sai haƙora. Babbansu ya matso har ina jin numfashinsa. Yaya ta ce a hankali, "Tunau, mirgina ta can nesa." Na mirgina ta zuwa bakin ruwa, suka bi ta gaba ɗaya, na ciccibi Yaya da sandarta muka yi jirgi. Da muka zauna ta ce, "In ka kwashe tsibiran duka a jakar nan, ina baƙin baɗi za su sauka?" Na yi dariya. Da na san abin da ke gaba, da ban yi ba.

Ranar da wata ya cika, da hantsi, muka tafi Tsibirin Rabin Yini. Sunansa shi ne halinsa. Tekun can tana numfashi, ta janye ta dawo. In ta janye sai tsibirin ya fito, in ta dawo sai ta shanye shi har ba a ganin alamarsa. Fili ne na baƙin yashi, ba itace ba ciyawa, sai wani dutse guda a tsakiya mai siffar turmi, shi ma Turmi suke ce masa. Katangar murjani ta kewaye tsibirin a ƙarƙashin ruwa, ƙofarta ɗaya tak.

Jirgi biyu ake tafiya da su, na maza da na mata, domin kowa sai ya tuɓe ƙafa har cinya. Tun a gaɓa aka ba kowane baƙo katantanwa ɗaya. Da na ga tawa sai zuciyata ta harba. Shuɗiya ce mai zanen zinariya, gindinta da tsini, sumul. Irin wadda Yalwa ta kwatanta ce, har ta fi.

Da muka sauka, wata mata ta tsaya a bakin ruwa da babban kwando a gabanta. Sunanta Inna Simbiri, ita ce mai tsaron kwandon. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, damtsenta ya fi cinyata. Ta ɗaga murya ta ce, "Wanda ya sauka ya jefa tasa. Wanda zai tafi ya ɗauki ɗaya, ya mayar a gaɓa. Kada ruwa ya tarar da ƙafar kowa a cikin yashi, in ya jiƙe yakan riƙe. Kun ji ƙaho, ku tashi." Ta ci gaba da wani bayani, amma ni a lokacin ina can ina juya katantanwar a hannu ina hango fuskar Yalwa. Na ɗauka wata al'ada ce ta neman albarkar teku, irin yadda mu ma mukan jefa gero a sabuwar rijiya. Na jefa tawa da ƙyar.

Mata suka yi gabas, maza suka yi yamma. Yaya ta juyo tana dogara sanda ta ce, "Ka riƙe hannunka, ka ji ko?"

Yashin kuwa gaskiya ne. Ɗumi ne ke tasowa daga ƙasa, yana ratsa ƙashi. Tsofaffi suka binne ƙafafu suna nishin daɗi, wasu har da minshari. Ni da ba ciwo gare ni ba na kewaye gefenmu kaf ina neman katantanwa. Ko ɓawo ɗaya ban samu ba. Teku tana share wurin kullum kamar tsakar gidan amarya.

Bayan azahar aka busa ƙaho. Mutane suka taso suna karkaɗe yashi, aka yi cincirindo a kan kwando, maza da mata, Inna Simbiri tana taimakon wata tsohuwa shiga jirgi. Na sa hannu. Kwandon cike yake, katantanwa ta fi sittin. Na ce a raina, ɗaya a cikin wannan tari wa zai lura? Na fito da biyu. Ɗaya a tafin hannu, ɗaya ta zarce jaka.

Na shiga jirgin maza. Daga nan na hangi Inna Simbiri ta ɗaga kwandon sama, ta kife shi, ba abin da ya faɗo. Sarkin jirgi ya ce, "Kwando ya wofinta, kowa ya shiga!" Matuƙa suka sa filafili a ruwa. Na leƙa jirgin mata ban ga Yaya ba, amma an yi masa rumfar zane, na ce tana ciki tana ba wani labarin rashin hankalina.

Muka yi tafiyar kamar sa'a guda zuwa Tsibirin Inuwa, inda ake sauke baƙi su ci gasasshen kifi su sha ruwan kwakwa kafin a koma gari. Tsibiri ne mai tudu, teku ba ta hawansa. Na tsaya a bakin jirgin mata don in kama hannun Yaya. Mata suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta fito. Na leƙa ƙarƙashin rumfa, sai tabarmi.

Na ce, "Inna, ina yayata? Doguwa, mai sanda, mai baƙin zane?"

Ta ce, "Duba cikin mutane, baƙo. Ba wanda ya rage. Katantanwa sittin da huɗu aka jefa, sittin da huɗu aka ɗauka. Shekarata ashirin da wannan kwando, bai taɓa yi mini ƙarya ba. In da mutum ɗaya a kan yashi, da tasa tana ciki, kuma da ba jirgin da zai motsa."

A nan na gane abin da kwandon yake. Ba albarka ake nema da shi ba, mutane ake ƙirgawa. Na ji kamar in nutse a wurin, don kunya da tsoro sun haɗu mini. Wata mata daga cikin baƙi ta ce ta ga mai sandar ta ware ta zagaya bayan Turmi ita kaɗai tun da farko. Bayan Turmi, da toshasshen kunne, ina za ta ji ƙaho?

Na buɗe tafin hannuna. Na sa ɗaya hannun a jaka na fito da ta biyu. Na ɗora su a gaban Inna Simbiri.

Ta dubi katantanwar, ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta juya ta dubi wani turke da aka kafa a bakin ruwa mai zane-zane na auna hawan teku, ruwa ya riga ya haye zane biyu.

Na faɗi gaban sarkin jirgi na ce, "Ranka ya daɗe, a juya jirgi. Don Allah a juya."

Ya ce, "Mutumin tudu, in teku ta fara dawowa, ruwa yakan shiga ƙofar murjanin nan da ƙarfin da babban jirgi ba ya juyuwa a ciki. Matuƙa goma sha biyu gare ni, kowa da 'ya'yansa. Ba zan jefa su ba."

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Ina durƙushe sai na ji Inna Simbiri ta ce, "Tashi." Ta riga ta jawo wani ɗan kwalekwale zuwa ruwa, ta jefa doguwar igiya da dutsen da ake tsayar da jirgi da shi. Ta ce, "Ni na kife kwandon, ni zan koma. Kai kuma ka ɗauki katantanwar da ba taka ba, kai za ka mayar wa mai ita. Ka iya iyo?"

"Ban iya ba, Inna."

"Me ka iya, ban da ɗauke-ɗauke?"

"Rijiya nake haƙawa. Na san igiya, na san riƙe numfashi."

Ta ce, "Shiga. Kada ka miƙe tsaye ko me ka gani."

Ta tuƙa kwalekwalen nan kamar mai daka, ba ta ɗaga kai ba. Ni ina kwashe ruwan da ke fantsamowa da ƙoƙo, ina karanta duk addu'ar da Yaya ta koya mini ina yaro. Rana ta fara karkata. Da muka hango wurin, ban ga tsibiri ba. Inda ɗazu mutum sittin suka kwanta, yanzu ruwa ne shimfiɗe, sai kan Turmi kaɗai a tsaye.

Ƙofar murjani tana ruri. Ruwa yana tura kansa ciki ta 'yar hanyar da ba ta fi faɗin zaure ba, fari fat da kumfa, gefe da gefe kuma murjani ne mai kaifi. Inna ta tsayar da mu a baki tana ƙirga raƙuman ruwa da leɓɓanta. Ɗaya ya wuce, biyu, har shida. Da na bakwai ya taso ta ce, "Kwanta!" Na kwanta a cikin jirgin. Na ji an ɗaga mu sama, na ji wani abu ya kankare cikin kwalekwalen ƙarrr daga gaba har baya, sannan aka ajiye mu. Mun shiga.

Ta zagaya da mu ta bayan dutsen, sai ga Yaya. Tana zaune a gindin Turmi, bayanta jingine da shi, ruwa ya kai mata ƙirji. Sandarta ta tafi. Duk raƙumin ruwan da ya zo sai ya rufe mata fuska, ya wuce, ta ɗago tana tari. Ba ta ihu. Na kwala mata kira, ba ta ji ba.

Inna ta jefa dutsenta, kwalekwale ya tsaya kamu arba'in daga wurin. Ta ce, "Iyakata ke nan. Gindin Turmi duk haƙoran murjani ne, in na matsa jirgin zai tsage, mu mutu mu uku. Tsakaninmu da ita akwai kwari, ruwansa ya shanye tsawonka. Taku goma sha biyar ne, sannan ƙasa ta sake tasowa. In ka shiga haka, ruwa zai ɗauke ka ya wuce da kai."

Na dubi igiyar. Na dubi jakata, wadda kwana arba'in da huɗu nake cusa mata duwatsu da murjani da gishiri har kafaɗata ta yi kanta. A rijiya, in za mu yi yasa a ruwa mai zurfi, dutse mukan runguma don ya kai mu ƙasa. Na ɗaura igiyar a ƙarƙashin hamatata da ƙullin da mukan saukar da mutum, wanda ba ya zamewa ba ya shaƙewa. Na ce, "Inna, in na ja sau ɗaya, ki saki. In na ja sau biyu, ki jawo da duk ƙarfinki." Na rungumi jakar, na cika ƙirji da iska, na zame.

Ƙafata ta taɓa yashi. Ruwa yana turi ta gefe, yana neman kwashe ni, jakar tana danne ni. Na fara taku. Idona a buɗe, gishiri yana yanka shi, ina ganin inuwar Turmi dishi-dishi. Biyar. Takwas. A na goma wani murjani ya yanke mini ƙafa, ban ji zafin ba sai daga baya. A na goma sha uku ƙirjina ya fara wuta. Na ji ƙasa tana tasowa, na saki jakar, na yunƙura. Kaina ya fito.

Na rarrafa na isa gare ta. Ruwa ya kai mata wuya. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ka ga dama ka zo?"

Na kama ta ta hamata na ja. Ta yi ƙara, ko motsi ƙafafun ba su yi ba. Ta binne su har cinya, yashin ya jiƙe ya kama su gam. Na tsaya. Na san wannan yashin, irinsa ya taɓa riƙe wani abokin aikina a gindin rijiya. Ba a jansa, ƙara ja ƙara riƙo. Sai dai a buɗe masa hanya a gefe, ruwa ya shiga ya sassauta shi.

Na ce a kunnenta na dama, "Yaya, ki ɗaga haɓa sama. In kin ga ruwa ya taho ki riƙe numfashi."

Na nutsa. Na haƙa da yatsu a gefen cinyarta ta dama, ina turo yashi baya, ina cusa hannu har gwiwarta ina kaɗawa don ruwa ya bi. Na fito na sha iska, na koma. Sau huɗu, ƙafar dama ta fito. Da na ɗago, ruwa yana taɓa mata leɓe, ta miƙa wuya iyakar miƙewa. Na koma wa ta hagu. Farcena biyu suka fita. Ban ƙirga nutso nawa na yi ba. Na dai san a na ƙarshe, da na ɗago, ban ga fuskarta ba, sai ɗankwalinta yana yawo a kan ruwa. Na koma ƙasa na rungumi gwiwar da hannu biyu na murɗa ta a hankali, hagu da dama, kamar mai cire turke. Ta fito.

Na ɗago ta tana amayar da ruwa. Na kwance igiyar daga jikina na ɗaura mata. Na ce ta kama igiyar da hannu biyu. Ta kama da na hagu, na dama kuwa a dunƙule yake. Na ce, "Yaya, buɗe hannun ki riƙe!" Ta ƙi. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ta harare ni, hannun yana dunƙule. Na ce sanyi ne ya sandarar da shi. Na ja igiya sau biyu.

Inna Simbiri ta ja. Na ga Yaya ta shige ƙarƙashin ruwa, na ƙirga har goma, na ga hannu mai kauri ya cafko ta ya jefa cikin kwalekwale kamar buhun gero. Sai a lokacin na tuna ba ni da igiya, ba ni da jaka, kuma ruwa ya kai mini ƙirji a tsaye.

Na haye kan Turmi. Ruwa ya biyo ni. Inna ta jefo igiya, ta faɗi nesa. Ta sake, iska ta kaɗe ta. Ruwa ya shafe kan dutsen, ya kama idon sawuna, ya hau ƙwauri. Sai na ga ta ɗauko wata busasshiyar kwakwa daga cikin jirgin, ta ɗaure ta a bakin igiyar, ta ajiye ta a ruwa ta gefen da yake turowa. Kwakwar ta taho tana lilo, ba ta gaggawa ko kaɗan. Ta zo za ta wuce ni da kamu biyu. Na yi bisimilla na faɗa mata.

Abin da na sani bayan wannan shi ne ina kwance a cikin kwalekwale, kaina a kan ƙafar Yaya. Teku ta cika ta lafa, muka haye katangar murjani ta sama ba tare da mun nemi ƙofa ba. Na waiwaya, ba tsibiri ba Turmi.

Can Yaya ta ce, "Inna, me ya sa kuka tafi kuka bar ni? Ba kin ce kwando ba ya bari a manta da kowa ba?"

Inna Simbiri ba ta daina tuƙi ba. Ta ce, "Tambayi ƙanenki."

Na tashi zaune. Na ciro shuɗiyar katantanwar daga lalitata, inda Inna ta sa na cusa ta kafin mu taso. Na ce, "Taki ce, Yaya. Ni na ɗauka. Yalwa na so in kai wa." Kuka ya ci ƙarfina, ni da furfurata.

Ta karɓa da hannun hagu, ta miƙa wa Inna ta ce, "Ga kayanku." A gaɓa mutanen Bakin Gishiri suka so a hana ni sake taka jirgi a ƙasarsu har abada, na ce sun yi daidai. Inna Simbiri ta ɗaure mini ƙafa da ganye, ta ce daga ranar ita da hannunta za ta riƙa miƙa wa kowa tasa.

Kwana arba'in muka yi a hanyar gida. Gwiwoyin Yaya sun saki, ko yashin ne ko tsoron ne, Allah ya sani. Tana hawa jaki ta sauka da kanta. Tana yi mini maganar hanya da ta abinci, amma ba ta ƙara tsokanata ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo da yankan murjani. Na ratsa kasuwanni bakwai hannuna a cikin aljihu.

Muka shiga Dutsin Marke da la'asar. Ni ne mutum na farko a tarihin gidanmu da ya dawo daga tafiya ba ko ɗan goriba. Yalwa ta sheƙo da gudu ta rungume ƙafata, ta leƙa bayana tana neman jakar. Ta ce, "Baba, ina katantanwata?"

Sai Yaya ta tako, ba sanda, ta kwance bakin zanenta. Ta fito da wata 'yar katantanwa toka-toka, ba ta kai kan babban yatsa ba, amma gindinta da tsini.

Na ce, "Yaya, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "A gindin Turmi. Duk tsibirin nan can kaɗai ruwa ke barin su. Ka ɗauka don me na zagaya?" Ta ɗora ta a tafin hannun yarinyar, ta dunƙule mata yatsu a kai. "Ungo, Yalwa. Babanki ne ya nutsa har ƙasan teku ya ɗauko miki, ya ba ni ajiya don shi hannunsa ba ya riƙe abu."

Yalwa ta durƙusa a dandaɓen ƙofar gida ta murza. Katantanwar ta kama juyi, tana wani siririn kuka, yara suka taru. Ni kuwa na zauna a dakali ina kallon hannun Yaya na dama, wanda na yi wa tsawa.

Nan hikayata ta tsaya. Allah ya kai matafiyi inda ya nufa, ya dawo da shi tare da duk wanda ya fita da shi.